Mai Buga Bango

Safa ƙafa ɗaya Sambo yake cusawa ƙarƙashin tsirkiyoyin jitarsa kafin ya taɓa ta. Da safar, sautin bai fi kukan sauro ba. Amma bangon gidajen hayar Al-Shifa, Allah na tuba, ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce maka sannu.

Shekararsa arba'in da huɗu, yana gwajin jini a wani asibitin kuɗi a Riyad, iyalinsa suna Gombe. Tun yana ɗalibi yake fama da jita. Ya wuce ɗan koyo, bai kai gwani ba, ya maƙale a tsakiya shekara ashirin. Abu ɗaya yake so kafin yatsunsa su sandare: ya samu shiga irin sansanin nan na mako biyu da ake yi a Turai, inda manya ke kwana su tashi cikin kiɗan jaz tare da malamai.

Neman ma kaɗai ya isa ya tsufar da mutum. Wannan na yara ne, wancan na ƙwararru, wani kuma ya faɗo a watan da asibiti ba ya ba da hutu. Guda ɗaya ya dace da shi, a wani ƙauyen Italiya, su kuma sai ka tura musu bidiyon kiɗanka sun duba. Shekara biyu a jere ya tura, amsar ba ta canza ba. Suka ce yatsunsa sun iya, amma ba ya riƙe lokaci, da ya zo wuri mai wuya sai ya kama gudu. Suka ba shi shawara ya nemi wanda za su riƙa kiɗa tare.

Sambo ya yi dariyar takaici. A ina? Da wa? Shi da ko akwatin jitar sai ya naɗe shi da bargo yake hawa bene da shi.

Ga kuma Baba Harouna.

Baba Harouna ɗan Nijar ne, direban wani gidan Larabawa, mai farin gemu, wanda sahun farko ba ya wuce shi a masallaci. Ɗakinsa ne a bayan bangon Sambo. Duk la'asar, da Sambo ya dawo aiki ya ɗauki jita, ba ya yin nisa sai ya ji: ƙwan, ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ba da ƙarfi ba, ba da gaggawa ba, a tsare. Nan take ya danne tsirkiyoyin da tafin hannu. Bugun ya ɗan ci gaba shi kaɗai, sannan ya yi shiru.

Tsoro Sambo yake ji, ba wasa ba. Ƙorafi ɗaya gun mai gidan haya zai iya kaiwa kunnen kafili, wanda ya ɗauke shi aiki, iƙamarsa kuwa, takardar zamansa a Saudiyya, a hannun kafili take. Sau uku tsohon ya tare shi a matakala, ya ce yana son su yi magana a kan abin nan da yake yi da la'asar. Sau uku Sambo ya kara waya a kunne, ya ce daga asibiti ake kira, ya sauka da sauri. Har masallaci ya canza.

A 2017 ya ce wannan ne gwajinsa na ƙarshe, don ya gaji. Ya samu hutu, kafili ya yarda da bizar fita da dawowa, saura bidiyo. Ranar Juma'ar da za a rufe karɓa, ya jingina waya da kwalbar ruwa, ya cire safar, ya fara. Yana isa wurin nan mai wuya, bango ya amsa.

Ya sake. Bango ya sake. A karo na huɗu haushi ya kama shi, ya ce yau dai duk abin da zai faru ya faru, ya ƙi tsayawa. Ikon Allah, wurin da ya shekara biyu yana tuntuɓe ya wuce shi sumul, har ƙarshe. Sambo ya ce ashe fushi ma yana da rana. Sai dai da ya saurara, ga ƙwan-ƙwan ɗin tsohon nan ya cika bidiyon. Ya ja tsaki, ya goge shi. Ya jira Baba Harouna ya tafi sallar magariba, ya ɗauki wani a gurguje ya tura.

Bayan mako uku amsa ta zo. Ko ƙarshenta bai karanta ba, ya san kalmomin. Ya mayar da jita cikin bargo ya tura ƙarƙashin gado.

Wata Asabar da safe ya buɗe ƙofa ya tarar da akwatuna a baranda. An ce kafilin Baba Harouna bai sabunta masa iƙama ba saboda tsufa, fita ce ta ƙarshe, ba dawowa. Gaskiya Sambo ya ji sanyi a ransa, har kunyar kansa ta kama shi. Ya ɗaukar masa akwati ɗaya zuwa mota, ya ce Baba a yafe masa damuwar da ya yi ta jawowa.

Tsohon ya dube shi. Ya zaro wani tsohon hoto daga aljihun gaba ya miƙa masa: saurayi mai tulin suma a kan dandamali, rungume da jita, a bayansa masu ƙaho da mai ganguna. A ƙasa an rubuta, Yamai, 1979.

"Shekara goma sha tara ni ke riƙe wa ƙungiyar nan lokaci," in ji Baba Harouna, yana jan ƙofar mota. "Kai kuwa, Malam Sambo, shekara uku ina ƙirga maka ta bango, da na fara sai ka tsaya."