Abin da Ba a Riƙe Ba

"Wai shara kike yi a kwamfutar?" Inna ta kuma tambayata.

"A'a, Inna, na'urar ce ke da mai shara. Yana kwashe tarkace, ya sauya wa sauran kaya wuri. Manhajata mai fassara umarni ce. In ta nemi abu a tsohon wurinsa, rushewa take yi. Dole ta ɗaura masa igiya ta riƙe."

"Wanda ba a riƙe ba fa?"

"Sharewa ake yi."

Sai ta jawo waya, ta kira lambar yayana, wadda take a kashe tun ranar da aka tare motarsu a hanyar Kakangi.

"Ni ban gane ba," ta ce, tana ƙara dannawa. "Amma ban sake shi ba."