Makarin da Na Ƙera wa Injin Zarto

"Tura, Jatau, kar ka ji tsoro!" na ce.

Shekarar da Nasara, Turawan Faransa, suka tafi ce. Mushe Balarabe (Mushe shi ne "Malam" a Faransancinmu), sabon shugaban ma'aikatar kafintoci ta garin Agiye, zai rage ma'aikata. Ni kuwa sarkin dabara, don in nuna ba a yi sai da ni, na ƙera wa injin zarto makari mai zamewa, mai riƙe katako. Na kira Jatau, ƙanen matar Mushe, ya gwada, mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba.

Jatau ya tura, katako ya yanku sambal.

"Ka gani, Mushe? Yanzu ko jaki zai iya aikina!"

"Wallahi na gani, Malam Ɗanasabe. Jatau, gobe ka zo da wuri."