Jinka Mai Ƙafa Goma Sha Takwas

Muna ɗora jinka munka fito daga ƙarƙashinta, sai ga jaki yana leƙenmu ta ƙofa. Mu takwas mun rufe kangon jakin maigari, ɗakin malamin lakwal, wato makarantar boko, da anka yi jinkar dominsa yana can buɗe, ga hadari ya taso.

Sarkin gini ya rantse wanda ya ja gaba ya bar aiki yau, alhali aikin nan ne tuwon gidajenmu.

"Ni ne, Sarki!" in ji ni. Ni da na kayar da yunwa a kokawa, kora za ta razana ni?

"Ƙarya kake, gajere, ni ne!" in ji na bayana. Jinka kewayayya ce, kowa ya rantse shi ne gaba, har munka fara cacar baki.

Sarki ya tuɓe hula. "Ku yi shiru, 'yan nema. Da baya nake tafiya ina ce muku dama. Damata hagunku ce."

Ya duƙa ya shigo cikinmu, munka sake ɗaga jinkar. Ranar nan garinmu Tsarnawa ya ga jinka mai ƙafa goma sha takwas tana tangaɗi don dariya, tana tsere da ruwa.