Ranar da Injin Jirgi Ya Ƙi Tashi

Zauna, Mu'azu. Ajiye makullin babur ɗin nan tukuna. Ka ce yanzu-yanzu za ka je ka sami surukinka a yi ta ta ƙare, ga ido ya yi ja. To, saurara in ba ka misali, in na gama ka ga tafiya ce, hanya ga ta nan.

Wani mutum ne a wani tsibiri can wajen Yawuri, sana'arsa fito. Kullum ya kwashi mutane da buhunan albasa a jirginsa na katako ya haye da su kasuwa. Ana nan ya sayi sabon inji, irin na zamani da ba shi da kafireto, abin nan mai gauraya mai da iska. Famfo ne ke tura fetur ta wani siririn tiyo, injekta ta fesa shi ciki, kuma ba a jan igiya, makulli ake murɗawa batir ya tayar. Ranar da aka ɗaura masa shi, tsohon bakaniken da ya yi aikin ya ja masa kunne. Ya ce in inji ya sha tafiya cikin rana, kada a kashe shi farat ɗaya, a bar shi ya ɗan yi aiki a hankali, a ɗaga murfin ya sha iska. In ba haka ba zafin jikinsa zai tafasa man da ya rage a tiyo ya koma tururi, shi kuwa famfo ruwa ya iya turawa, tururi ya fi ƙarfinsa. In har ya ƙi tashi, kada a matsa masa, a jiƙa tsumma a ɗora kan tiyon, a je a yi alwala a yi nafila, kafin a shafa addu'a ya huce. Mutumin ya ce to, to, irin to ɗin da ba ta wuce leɓe. Shi a ganinsa barin inji yana ci jirgi na tsaye ɓarnar mai ce. Ga shi yana son injin nan kamar ɗan fari, har ya sa matarsa ta yanka tsohon bargo ta ɗinka masa riga, da ya tsaya sai ya lulluɓe shi ruf, wai kada rana ta ci fentin. Kai, wauta iri-iri ce, wata ma da sunan so take zuwa.

Wata ranar kasuwa cikin bazara, zafi kamar a gasa gurasa a kan dutse, ya yi sawu huɗu tun safe. Da azahar ya iso tsibiri, ya kashe inji nan take, ya ja masa rigarsa. Ko hura bai gama damawa ba sai ga ihu daga gonar albasa: gamsheƙa ta sari matarsa a ƙafa. Aka ɗauko ta a guje aka shimfiɗe cikin jirgi. Asibitin da ke da allurar maciji yana ƙetare, tafiyar rabin awa ce da inji. Ya yaye bargo, ya murɗa makulli. Inji ya yi tari ya yi shiru. Ya sake murɗawa, ya sake. Tanki cike yake da mai, ba abin da ya lalace, tururi ne kawai ya tsaya a tiyo. Maganar bakanike ta faɗo masa, wallahi ta faɗo masa, amma ya dubi matar, idonta ya fara lumshewa, yawu na zuba, ya ce a ransa wane mahaukaci ne zai zauna jiran tsumma? Ga kogi guda na ruwa a gefensa, ga rawani a wuyansa, bai jiƙa ba. Ya danne makulli ya yi ta murɗawa, inji na kuka gurr, gurr, kukan na raguwa, har ya koma ƙas, ƙas, daga nan ko ƙas ɗin babu. Batir ya mutu. Sauran jirage masu inji duk suna kasuwa, ba wanda zai ara masa wani. Dole aka mayar da ita ƙaramin kwale-kwale, maza uku suka kama filafili, ga ruwa na ja da baya. Tafiyar rabin awa ta ci awa uku. Suna hango kwanon rufin asibiti tana kan cinyarsa rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar uku wani maƙwabci ya kawo masa batir, don ba a bar jirgi haka nan ba. Aka haɗa waya. Murɗa ɗaya, Mu'azu, ɗaya tak, inji ya tashi garau yana rera muryarsa kamar ranar da aka saye shi. Mutumin nan ya zauna a gindinsa da rigar bargon a hannu, yana bin ɗinkin matarsa da yatsa, ya yi kuka har mutane suka kau da kai. Ni abin da ke cin raina ke nan duk sanda na tuna. Da injin ya lalace ne, da ya ce ƙaddara ya samu inda zai jingina zuciyarsa. To lafiyarsa lau, minti goma kawai ya roƙa aka hana shi. Kwana ya ƙare, gaskiya ne, ba mai ja da wannan, amma je ka faɗa wa mutumin ka ga ko zai iya runtsawa.

Kai ma yanzu kanka ya ɗau zafi, abin da ke cikinsa tururi ne, ko ka murɗa sau ɗari ba magana mai kyau da za ta fito, sai dai ka kashe abin da ba ka da na biyunsa. Ga buta nan. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.