Shaidar Mai Yankan Yadi

Ka taɓa biyan haraji duk wata, a wayi gari a ce maka ba ka taɓa biya ba?

Abin da ya kai matan masana'antar ɗinki ofishin haraji ke nan. Mai masana'antar yana zare haraji daga albashinsu, yana cewa gwamnati yake kai wa. Da suka zo cike bayanin shekara, suka nemi a lissafa musu abin da aka riga aka cire, sai na'ura ta nuna babu abin da ya taɓa isowa. Mai guga, wadda ke riƙe da marayu, har gargaɗi ta samu: ta biya, ko a rufe mata asusu.

Jami'ar harajin ta ce tunda ba a ba su takardar albashi, dole a sami wanda ya ga ana cirewa da idonsa. Matan suka juya ga tsohuwar da ke yankan yadi. Teburinta ne a bakin ofishin mai masana'antar, kuma ita kaɗai ke shiga ba tare da ƙwanƙwasawa ba.

Da safe mai masana'antar ya tare ta a ƙofa, idonsa a ƙasa, ya ce in ta buɗe baki, shi da ita duk sun shiga uku. Ya san ba ta iya masa musu.

Mai guga ta matso kusa da kunnenta. "Baba, in kora kike tsoro, bari kawai. Ai ko a gidan yari ana neman mai guga."

Aka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

Tsohuwar ta tambayi abin da zai same shi. Jami'ar ba ta ɓoye mata ba: bincike, tara, wataƙila ɗauri. Ta dubi ƙofar fita, ta ga in ta ce bayi za ta, babu mai tare ta. Har ta yunƙura, sai idonta ya sauka a kan tabon ƙuna a wuyan hannun mai guga, sabo a kan tsoho.

Ta koma ta zauna. Ta faɗi duk abin da ta gani, ba ta rage masa ko zare ba.

Jami'ar ta gama bugawa, ta ce saura tambaya ɗaya da doka ta wajabta: ban da aiki, akwai wata alaƙa tsakaninta da wanda take ba da shaida a kansa?

"Rubuta, 'yata, ku aika a kira shi tun ƙarfin halina bai ƙare ba. Ni na haife shi."