Bakin Laima a Kusurwar Hoto

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Jos da bai yarda da hoto mai kala ba sam. Nasa baƙi da fari ne, kuma ba ya ganin kyan gari sai ya jiƙe. Da zarar hadari ya haɗo, lokacin da masu hankali ke kwashe shanya suna neman mafaka, shi sai ya rataya kyamara ya fice. Matarsa ce ke biye da shi da laima, ba don kansa ba balle nata, sai don kada ɗigon ruwa ya sauka a gilashin kyamarar. Shekara ashirin da bakwai suna haka. Ya ɗauki mai gasa masara tana kare garwashinta da faifai, ya ɗauki inuwar hasumiya kwance cikin kududdufi, har akuyar da ta rakuɓe a gindin katanga sai da ta samu shiga. Ita kuwa tana bayansa, zaninta sharkaf, hannu a ɗage har ya sage. Sau ɗaya tak ta ce, "Malam, ni fa?" Ya ce ta bari ruwa ya ɗauke, ai kullum suna tare.

Da Allah ya yi mata rasuwa, 'yarsu ta roƙe shi hoton mahaifiyarta don ta nuna wa nata 'ya'yan. Ya zazzage akwati uku a kan tabarma, ya wuni yana bin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Fuskokin mutanen da bai ko san sunansu ba fal, tata babu. Abin da ya samu kawai wasu 'yan hotuna ne da ya ware tun tuni a kan sun lalace, saboda bakin laima ya leƙo ta kusurwar sama sa'ad da hannunta ya gaji. Har ya tuna faɗan da ya yi mata a kansu. Ɗaya daga ciki ya miƙa wa 'yar, ya kasa haɗa ido da ita. Da damina ta zagayo ya fita shi kaɗai, laima a wannan hannu, kyamara a wancan, ya kasa saita komai. Ya tsaya a bakin kwalbati ruwa na dukansa, kewa ta cika masa ciki, cikin masu gudun neman mafaka kuwa ba wanda ya ko waiwaye shi. Shi ya sa Hausawa ke cewa, da-na-sani ƙeya ce, a baya take.