Rigar da Fada Ya Tuɓe

Ranar da Fada, limamin coci, ya tuɓe farar rigarsa, a kan tabarmata ya ajiye ta. Duk Tamanrasset wane tela zai kai wa in ba ni ba? Ni da yunwar Damagaram ta bari, Sahara ta bari. Ban shiga lekkol na yi boko ba, amma idona ya fi ma'auni.

Faransawa na kwashe kaya, manyan Fada suka kira shi gida. Ya ƙi barin leburorin Kirista masu aikin hanyar In Amguel, sai ya sauka daga limanci.

"Baba, mayar mini da ita taguwa."

"Ba a gaggawar yanka irin wannan, Fada."

"Na daina zama Fada."

Waɗanda ya zauna dominsu suka ƙaurace masa, wai addu'ar marar riga ba ta hawa sama. Yana fasa dutse tare da su, ran Lahadi ya zauna shi kaɗai.

Sai babbar mota ta take ɗayansu. Ba katakon akwati, ba ƙyalle. Suka zo gare ni, na ɗauko rigar. Ni likkafani na sani, na yanka ta yadda muke yi wa namu.

A bakin kabari suka gane yadin. Suka dubi mai rigar, tsaye cikin tsumman lebura. Babbansu ya ce, "Ɗan'uwa, ja mu addu'a."

Ya ja, suka amsa, ƙasa na rufe rigar.

Ban taɓa aiki mai kyan wannan ba, kuma ba mai sake ganinsa.